Shin da gaske yaro bai san rashi ba?

A gidajen makoki a Gusau da ƙauyukan kewaye, an saba jin ana cewa yaro bai san mutuwa ba, a ce masa Baba ya yi tafiya, zai manta. Tausayi ne ke sa a faɗi haka, sai dai ba haka abin yake ba.

Masana halayyar yara sun nuna cewa ɗan ƙasa da shekara 5 yana jin zafin rashi. Abin da bai gane ba shi ne mamaci ba ya dawowa, wannan kuwa yakan fara zauna masa tsakanin shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa kalmar "tafiya" ke barin sa zaman jira a bakin zaure.

Ku lura da yaron da kanku. Fitsarin kwance ya dawo? Yana ture kwanon tuwo? Ya maƙale wa uwa? Baƙin cikinsa ke nan.

Idan maƙwabta sun aiko da abinci gidan rasuwa, a ganina a zaunar da shi a ci tare, a tuna miyar kukar da marigayin ke so. Littafin hotuna mai labarin rashi ma yakan buɗe masa baki ya yi tambaya, sai a amsa masa da gaskiya daidai hankalinsa.

Don Allah ku tura wa sauran iyaye wannan bayani.