Tallan haja a tarukan zanen kwamfuta

Tallan haja a tarukan zanen kwamfuta shi ne a ba mutum lokaci ya yi bayanin wata dabara ta ilimi gaban masana, sai ya ɓuge da tallata kamfaninsu ko manhajar da suke sayarwa. An fi maganarsa game da SIGGRAPH, taron zanen kwamfuta da ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ke shiryawa duk shekara, galibi a Amurka, wani lokaci a Kanada. Yana faruwa kuma a taron GDC na masu haɗa wasannin bidiyo.

Tarihi

An yi SIGGRAPH na farko a 1974 a garin Boulder na jihar Kolorado, mutum wajen 600 suka je, yawancinsu malaman jami'a da injiniyoyi. Amma tun ba a je ko'ina ba ilimi da kasuwa suka cakuɗe, don wanda ya nuna abin mamaki a wanga taro to ya tallata kansa ko bai yi niyya ba. A 1980 Loren Carpenter, lokacin yana aiki a Boeing, ya haska ɗan fim na kusan minti 2 mai suna Vol Libre, duwatsu da kwaruruka da kwamfuta ta ƙera da lissafi zalla, nan take kamfanin fim na Lucasfilm suka yi masa tayin aiki.

Misalin da ya fi shahara na 1986 ne a Dallas. Pixar ta nuna Luxo Jr., fitilun tebur guda biyu, babba na kallo, ƙaramar na tsalle kan ƙwallo har iskar ta fita. Mutane suka tashi tsaye da tafi. To a lokacin Pixar ba kamfanin fim ba ne, kwamfuta suke sayarwa, Pixar Image Computer, kuɗinta kusan dala 135,000, kuma fim ɗin ya jawo musu ido sosai. Sai dai fa a 1987 Rob Cook da Carpenter da Ed Catmull na Pixar sun rubuta takarda suka buɗe tsarin Reyes na fitar da hoto da kwamfuta, wanda a kansa aka gina manhajarsu RenderMan, kowa ya karanta ya je ya gwada a nasa injin. Shi ya sa ba a cika jin wani ya zarge su ba, sun yi talla amma sun bar wa jama'a abin ɗauka. A taron na 1986 ɗin ne ma Jim Kajiya na jami'ar Caltech ya kawo lissafinsa na yadda haske ke yawo cikin hoto, shi ko babu abin da yake sayarwa.

Zuwa 1997 a Los Anjalas mahalarta sun haura 48,000, rumfunan kamfanoni irin Silicon Graphics sun zama gari guda. A 2018 a Bankuba ta Kanada shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya ƙaddamar da katunan hoto na kwamfuta, RTX, masu bin diddigin haske nan take, dabarar da Turner Whitted na cibiyar binciken Bell Labs ya nuna wajen 1979, lokacin hoto ɗaya kan ci fiye da awa guda.

Yadda ake gane shi

Tambarin kamfani a kowane shafi, a ce an ninka gudu ba a faɗi a kan wane inji aka gwada ba, a nuna inda dabarar ta yi kyau a ɓoye inda ta gaza. Babbar alamar dai tana lokacin tambayoyi, wani ya tashi ya ce malam yaya kuka magance kaza, a ce masa wannan sirrin kamfani ne, ya zo rumfarsu a yi magana.

Ƙa'idoji

Takardun bincike ana tantance su ba tare da masu dubawa sun ga sunan marubuci ba, kuma tun wajen 2002 aka fara buga su a mujallar ACM Transactions on Graphics. Kamfanin da ke son talla a fili yakan biya kuɗi a ba shi zama na daban, a rubuta a jadawali kowa ya sani. Matsalar ta fi ɓuya a tsakiya, cikin gajerun jawabai da darussa, inda mai magana ma'aikacin kamfani ne.

Saɓani

Wasu na cewa kuɗin kamfanoni ne ke riƙe taron, wasu na cewa wanda ya biya tikiti ilimi ya zo nema.

A Sakkwato

Nan Sakkwato ta YouTube ake ganin waɗannan jawabai. Matasa masu koyon manhajar zane ta Blender da masu haɗa fosta da tallan bidiyo su ne 'yan kallo, kuma abin na da zafi wallahi, yaro ya sa data da kuɗin guminsa, ya yi caji kafin a ɗauke wuta, ya zauna minti 40 yana jiran a koya masa yadda ake rage ɗigo-ɗigo a hoto, ƙarshe a ce amsar ita ce wani kati da ya fi laftof ɗinsa tsada. Shi ya sa masu ɗan gogewa kan fara duba ko an haɗa jawabin da takarda ko lambobin manhaja kafin su danna.