Zawon yaro: abin da za a yi a gida, da lokacin da ya wajaba a garzaya likita

Yaron da ke zawo ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa, kuma ƙarewar ruwan nan ce ke kisa. Jariri mai kilo 8 da ya yi zawo sau shida ko bakwai tsakanin hantsi da la'asar, a zafin watan Afrilu na Tahoua da ke haura digiri 40, yana iya wayar gari da wasansa, kafin magariba idonsa ya faɗa. Saboda haka aikin farko a gida shi ne mayar da ruwan da ya fita, tun daga kashi na farko da ya canza. Ana cewa zawo ne idan yaro ya yi kashi mai ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a kwana guda. Jaririn da nono kaɗai yake sha dama kashinsa da laushi yake, kuma yakan yi shi sau da yawa. Uwa ce ta san yadda ɗanta ya saba, in ta ga ya koma ruwa tsululu, to zawo ne.

Maganin da ake mayar da ruwan da shi shi ne garin SRO, wanda ake samu a CSI (likitar gwamnati ta gari ko unguwa), a ƙananan likitocin ƙauye, wajen wakilan lafiya na unguwa da kuma kantin magani. Gishiri ne da sukari a ma'auni na musamman. Hanjin da ke zawo ba ya iya riƙe ruwa zalla sosai, amma in gishiri ya zo tare da ɗan sukari, sukarin yakan ja gishirin ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su ya shiga jini. Ma'aunin ne ke sa ya yi aiki, kuma a wajen ma'aunin ne aka fi yin kuskure.

Uwa, ki wanke hannu da sabuni. Ki samo lita 1 ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce ko aka sa masa ƙwayar tace ruwa. Ki juye fakiti guda gaba ɗayansa, ki dama har ya narke. Ki duba bayan fakitin, yawan ruwan a rubuce yake. Ledar piya wata galibi rabin lita ce, don haka biyu ake buƙata. Babbar gorar ruwan kanti kuwa lita ɗaya da rabi take ci: in aka cika ta aka zuba fakiti guda, haɗin ya yi salam. Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne na mai son "ya yi ƙarfi", ta juye fakiti a kofi guda. Gishirin ya yi yawa ke nan, zai ja ruwa daga jikin yaro zuwa cikin hanji, zawo ya ƙaru, har ya kai ga jijjiga. Kada kuma a raba fakiti ana ɗiba da ka, kada a ƙara masa sukari don ya yi daɗi. A rufe kwanon. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a dama sabo.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wato kimanin ƙaramin kofin shayi guda zuwa guda da rabi. Daga shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Wanda ya fi haka ya sha iya son ransa. Ƙarami da cokali ake ba shi, cokali guda kowane minti ɗaya ko biyu, yana zaune a cinya, ba a kwance ba, kuma ban da ɗura. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba, a hankali fiye da da. Da yawa a nan suke sarewa su ce "ba ya zama a cikinsa". Ko da yana amai, abin da ya zauna ya fi abin da ya fito, in dai kaɗan-kaɗan ake ba shi. Aiki ne na zama da haƙuri, shi ya sa maigida ko kaka ko babbar ɗiya ya kamata su karɓi girki da ɗiban ruwa a ranar.

In dare ya yi babu SRO a gida, a auna lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tsiri ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Wannan na riƙon ƙwarya ne kafin gari ya waye. Ruwan dafaffiyar shinkafa mai ɗan gishiri da kunu mai ruwa-ruwa su ma suna taimakawa. Lemun kwalba da jus mai zaƙi kuwa ƙara zawo suke yi, saboda sukarinsu ya wuce kima.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa SRO da ƙwayar zinc. Yaro mai wata 6 zuwa sama, ƙwaya guda ta miligram 20 kowace rana. Daga wata 2 zuwa 6, rabin ƙwaya. Ana narkar da ita a cokali da ɗan ruwa ko ruwan nono, kuma ya fi kyau bayan yaro ya ci ko ya tsotsa, don a ciki wayam takan tayar da zuciya. Kwana 10 zuwa 14 ake sha. Zawon yakan tsaya a kwana na uku ko na huɗu, sai a jefa sauran ƙwayoyin cikin kwalla a manta. Kuskure ne, domin ragowar kwanakin su ne ke gyara bangon hanji, su kare yaro daga sabon zawo na wata biyu zuwa uku.

Kada a hana nono, a ma ƙara yawan ba shi. Maganar cewa nonon uwa ya "ɓaci", ko don ta yi ciki ko don ta sha rana, ba ta da tushe, kuma yaye yaro yana tsakiyar zawo hanya ce ta kai shi ga tamowa. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini: kunun gero da aka sa wa tunkuza ko cokalin mai, shinkafa mai laushi, dafaffen wake da aka murje, ƙwai, ayaba. Bayan ya warke a ƙara masa ci guda a kan na kullum har sati biyu, ya mayar da abin da ya rasa.

Sai batun maganin tebur. Ƙwayoyin da masu talla ke yawo da su a kasuwa cikin rana, da kafso da ake farkewa a zuba a fura, yawancinsu na kashe ƙwayoyin cuta ne da ba su da tasiri a kan irin zawon da ya fi kama ƙananan yara. Masu ɗaure ciki kuma sun fi muni: kashi ya tsaya a waje, ruwa na ci gaba da taruwa a hanji, ciki ya kumbura, iyaye na ganin an samu sauƙi. Haka nan kada a ce "haƙori ne" a zauna. Lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da kai komai baki, ƙazantar ce ke kawo zawon. Maɗiga in ta faɗa, ruwa ne ya ƙare a jiki. Shafa mata magani ko tura ganɗa da yatsa ba ya tayar da ita. Cire belu wajen wanzami ma ba ya tsayar da zawo ko amai, sai dai ya ƙara zubar jini da rauni a maƙogwaron yaron da ake so ya sha.

Akwai alamun da in an ga ko guda, gida ya gama nasa. Yaro ya kasa sha ko tsotso. Duk abin da ya shiga ya dawo. Ya yi laƙwas, ana tashinsa da ƙyar, ko yana jijjiga. Akwai jini a kashin. Ido ya faɗa, yana kuka babu hawaye, ya daɗe bai yi fitsari ba. A kama fatar cikinsa tsakanin cibiya da gefe da yatsu biyu, a ɗaga a saki: in ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, ruwa ya ƙare sosai, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata. Jaririn da bai kai wata 2 ba, da yaron da igiyar awon damtse ta nuna ja ko ƙafafunsa suka kumbura, ba a jinyar zawonsu a gida ko kaɗan. Zawon da ya kai kwana 3 babu sauƙi shi ma a kai. Kashi fari kamar ruwan wankin shinkafa mai zuba babu tsayawa, musamman in manya ma sun kamu, a yi zaton kwalara, wadda ta taɓa jihar Tahoua a 2021, a sanar da CSI nan take. A hanya, ko a amalanke ko a kan babur, a tafi da gorar SRO ana ba shi in yana iya haɗiya. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnatin Nijar, don haka rashin kuɗi a hannu kada ya sa a kwana.

In zawo ya zo da masassara, musamman daga damina zuwa kaka, a je a yi gwajin jini na yatsa na cutar cizon sauro cikin kwana guda, ko da yaron yana shan maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata. Cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ke fita. Parasetamol yana sauke zafin jiki ne kawai, ba ya kashe cutar cizon sauro.

Rigakafin rota (ƙwayar cutar da ke yawan kawo wa jarirai zawo), ɗigon da ake sa wa jarirai a baki daga sati 6 da haihuwa, yana cikin rigakafin yara a Nijar tun 2014. A duba katin awo a tabbata an kammala. Kashin yaro a zuba shi a salanga, a wanke hannu da sabuni bayan an yi masa tsarki da kuma kafin a dama kunu. Randa a rufe ta, a ware mata moɗa mai mariƙi da ba a ajiyewa ƙasa. Kowane gida mai ƙaramin yaro ya ajiye fakitin SRO biyu da katin zinc guda a wuri busasshe, a riƙa duba ranar lalacewarsu da ke jikin fakitin.