Ma'anar fileyof a ƙwallon kwando: me ya sa na ɗaya a teburi ba lallai ya ɗauki kofi ba?

Duk wanda ya taso da kallon Firimiya ya san ƙa'ida ɗaya: a buga wasa 38, wanda ya fi tara maki ya ɗaga kofi. Shi ya sa idan ka gaya masa cewa a 2016 ƙungiyar Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82, abin da babu wanda ya taɓa yi a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, amma ta ƙare shekarar hannu rabbana, sai ya tambaye ka, to me aka yi wata shida ana bugawa? Amsar tana cikin kalma guda da ke cika shafukan wasanni daga Afrilu zuwa Yuni. Turawa na rubuta ta playoffs, a bakinmu kuma fileyof take fitowa.

Masu ba da labarin ƙwallon ƙafa da Hausa sun saba fassara ta da “wasan cike gurbi”, kuma a can fassarar ta zauna daidai. Idan ƙungiyoyin rukuni na biyu a Ingila suna neman gurbin ƙarshe na hawa Firimiya, ko ƙasashe na neman tikitin da ya rage na Kofin Duniya, lallai gurbi ake cikewa. A ƙwallon kwandon Amurka kuwa wannan fassara takan ɓatar da mai karatu, domin ba ragowar gurbi ake nema ba, kofin kansa ake nema. Fileyof shi ne gasar manya da ake shiga bayan an gama wasannin kaka, kuma a cikinsa kaɗai ake fitar da zakara. Wasa 82 ɗin da aka sha daga Oktoba zuwa Afrilu tantancewa ce: wa zai shiga, da wa zai fara haɗuwa, a gidan wa za a fi bugawa.

NBA na da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada. An raba su shiyya biyu, Gabas da Yamma, kowace da 15. Takwas ne ke shiga fileyof daga kowace shiyya. Shida na saman teburi su wuce kai tsaye, na 7 zuwa na 10 kuma su fafata a kan gurbi biyu da suka rage, tsarin da aka soma da kakar 2020-21. To wannan ɗan gajeren zagaye shi ya cancanci sunan cike gurbi. Daga nan sai a haɗa na 1 da na 8, na 2 da na 7, haka har a zo na 4 da na 5. Zagaye uku a cikin shiyya, sannan gwanin Gabas da gwanin Yamma su haɗu a karon ƙarshe cikin watan Yuni.

Ba kuma sili ɗaya ƙwale ba ne, nan ne ma zuciyar maganar take. Kowace haɗuwa ana tanadar mata wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya wuce. Ɗan dambe zai fi saurin ganewa idan aka ce turmi bakwai ne da abokin karo ɗaya, sai dai kowane turmi da ranarsa, ana hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Wanda ya fi matsayi a teburi shi ke karɓar wasa na 1 da na 2 a gidansa, a je gidan ɗayan a yi na 3 da na 4, sannan a riƙa karɓa-karɓa, na 7 ya faɗo a gidan na sama. Babu canjaras a ƙwallon kwando, idan minti 48 ya cika maki na kunnen doki sai a ƙara minti biyar, a yi ta ƙarawa har wani ya faɗi. Idan ƙungiya ta ci huɗu a jere ba a rama ko ɗaya ba, sai a ce ta share abokiyar karonta, har magoya baya kan zo fili da tsintsiya. Kafin a ɗaga kofi dai sai an ci wasa 16 cikin wata biyu.

Wannan tsari yana sauya wasan gaba ɗaya. A cikin kaka, yau kana Miami, jibi kana Chicago, babu kocin da ke da lokacin zama ya yi maka karatun ta-natsu. A fileyof mutum ɗaya za ka yi mako biyu kana fuskanta. Masu horarwa za su kwana kan bidiyonka, su san hannun da ka fi so, da kusurwar da jifanka ke kuskure, da abin da kake yi idan mutum biyu suka rufe ka. Idan a cikin ku biyar da ke fili akwai wanda bai iya tsaro ba, za a yi ta jawo shi gaban gwaninsu sau goma, sau ashirin, har koci ya gaji ya zaunar da shi. Kocin da ke amfani da 'yan wasa goma a Janairu sai ka ga ya koma bakwai ko takwas a Mayu, manyan kuma su haura minti 40 a fili. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka haife shi a Atina ta ƙasar Girka, ya ɗanɗana wannan a 2019. Ƙungiyarsa Milwaukee Bucks ta ci wasa 60, ta fi kowa a gasar, shi kuma aka ba shi gwarzon kaka. A karon fitar da gwanin Gabas sun ci Toronto biyu na farko. Sai kocin Toronto, Nick Nurse, ya ɗora masa Kawhi Leonard, sauran kuma suka riƙa jeruwa kamar katanga a gaban kwando duk sanda ya taho da gudu, suna barin sa ya jefa daga nesa, inda ba shi da ƙarfi. Toronto ta ci huɗu a jere. Shekara biyu bayan haka, a karon ƙarshe na 2021, Phoenix Suns ce ta fara cin Milwaukee biyu. Wannan karon Giannis ne ya juya lamarin, da gwiwar da ta gurɗe masa a zagayen baya. A wasa na 6 ya zuba maki 50, kuma jifan da ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, wanda 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu a kansa suna ƙirga daƙiƙun da yake ɓatawa, ya jefa 19 ya ci 17. Milwaukee ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1971. Idan ka ji an ce wane ɗan fileyof ne, irin wannan ake nufi: an gano lagonsa, an danna, bai karye ba.

Daga nan ne wata kalmar ta samo asali, wadda masu sharhi ke yawan faɗa, wato ƙungiya mai neman kofi da gaske. Ba duk mai yawan nasara a kaka ba ce. A 2018 Toronto ta ci wasa 59, ta yi ta ɗaya a Gabas, amma Cleveland ta LeBron James ta share ta a zagaye na biyu. Shugaban ƙungiyar a lokacin shi ne Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi, a can kuma ya fara riƙe ƙwallon kwando. Ya dubi ƙungiyarsa ya gane cewa mai kyau ce, amma ba ta kofi ba ce. Ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi kocin da ya fi kowa, ya ba da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin 'yan kallo, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, mutumin da wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Ya sha zagi a garin. Ni dai ina ganin ba a cika samun shugaban da ya fahimci ma'anar fileyof kamar yadda Ujiri ya nuna a wannan cinikin ba.

Sakamakon ya bayyana a wasa na 7 da Philadelphia, a watan Mayun 2019. Maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da ɗoriya. Kawhi ya karɓi ƙwallo ya kora ta zuwa kusurwar dama, Joel Embiid ɗan Kamaru, mai tsawon ƙafa bakwai, ya biyo shi da hannu a sama. Ya cilla ta sama ƙwarai don ta haye hannun, ƙararrawa ta buga tana iska. Ƙwallon ta dira a bakin ƙarfen kwando ta yi tsalle, ta sake dira, ta koma ɗaya gefen. Kawhi na tsugune a gefen fili, fili ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai a taɓawa ta huɗu ta faɗa ciki. Embiid ya fita yana kuka. Wata guda bayan nan Toronto ta doke Golden State huɗu da biyu, kofi ya tsallaka Kanada karon farko, Pascal Siakam ɗan Duwala na cikin waɗanda suka ɗaga shi.

Komawa ga tambayar 2016. Golden State mai nasara 73 ta kai karon ƙarshe da Cleveland ta LeBron, har ta yi gaba da uku da ɗaya, saura wasa guda ta rufe littafi. Kafin nan babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga wannan rami a karon ƙarshe. Aka dakatar da Draymond Green na Golden State a wasa na 5, LeBron ya ci maki 41, ya sake cin 41 a na 6. A na 7, a gidan Golden State, ana 89 da 89 saura ƙasa da minti biyu, Andre Iguodala na Golden State ya taho zai ajiye ƙwallo a kwando, LeBron ya biyo shi daga baya ya manne ta da allo. Kyrie Irving na Cleveland ya jefa mai maki uku a kan Stephen Curry, aka tashi 93 da 89. Tarihin nasara 73 yana nan a rubuce, amma tutar zakara a Cleveland aka rataye ta.

Akwai kuma akasin haka. A 1995 Houston Rockets ta gama kaka a matsayi na 6 a Yamma da nasara 47 kawai, ba ta samu fifikon gida a ko zagaye ɗaya ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ja ta ta fitar da Utah, ta fitar da Phoenix bayan an yi mata uku da ɗaya, ta fitar da San Antonio ta David Robinson da aka ba gwarzon kaka a shekarar, sannan ta share Orlando ta Shaquille O'Neal. Har zuwa 2025 babu mai matsayi ƙasa da haka da ta taɓa ɗaukar kofin. Ramin da ba a taɓa fita ba zuwa wannan lokaci shi ne uku da nema. Boston ta kusa a 2023, ta rama uku a kan Miami, sai ta faɗi a na 7 a gidanta.

A ra'ayina wasa bakwai ya fi wasa ɗaya adalci nesa ba kusa ba. A sili ɗaya ƙwale sa'ar dare guda na iya kayar da gwani, amma da wuya sa'a ta ɗauki mutum sau huɗu. Sai dai akwai abin da tsarin bai iya magancewa, wato rauni. Jikin da ya sha wasa 82 aka ƙara masa ashirin da wani abu masu zafi yakan gaza. A karon ƙarshe na 2019 jijiyar agarar Kevin Durant na Golden State ta tsinke, abokin wasansa Klay Thompson kuma gwiwarsa ta tafi. A 2025, wasa na 7 na karon ƙarshe tsakanin Oklahoma City da Indiana, Tyrese Haliburton na Indiana ya fara da zafi, sai ya zube tun a zangon farko da tsinkewar agara, yana dukan ƙasa da hannu. Oklahoma ta ci, kuma ta cancanta, ita ce ta ci 68 a kaka. Amma duk mai son wasan ya ji ciwon ganin yaron nan ana fita da shi.

Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan masu auna ɗan wasa da zobe kaɗai. Al'ada ce kowane ɗan ƙungiyar da ta yi zakara a ba shi zoben alfarma, shi ya sa gardamar majalisa ke ƙarewa da “zobe nawa gare shi?” Bill Russell na da 11, Michael Jordan na da shida. Charles Barkley da Karl Malone ba su da ko ɗaya, alhali dukansu sun kai karon ƙarshe, Jordan suka tarar a ƙofa. Wanda bai bar benci ba ma yana samun zobe. Abin dubawa shi ne me mutum ya yi sanda aka rufe masa hanyar da ya saba bi.

Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofin: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, Oklahoma City. Babu wadda ta kare kambunta, don haka yanzu masu neman kofi da gaske kan kai biyar ko shida a shekara, ba kamar zamanin da Golden State da Cleveland suka haɗu sau huɗu a jere ba. Mai son gani da idonsa daga Najeriya ko Nijar sai ya sadaukar da barci, domin wasan da aka fara takwas da rabi na dare a gabashin Amurka ƙarfe ɗaya da rabi ne a nan, a tashi gab da asuba. Kada ya tsaya ga wasa ɗaya. Ya zaɓi haɗuwa guda ya bi ta tun daga farko, ya lura da wanda ke tsaron wa a wasa na 1, sannan ya duba ko shi ne dai a wasa na 3.