Birnin soso

Birnin soso suna ne na wani tsarin gina gari da ƙasar Sin ta mai da shi manufar gwamnati daga shekarar 2013 zuwa 2015, da Sinanci ana ce masa haimian chengshi. Abin da ake nufi shi ne a gina gari yadda in an yi ruwan sama ƙasa za ta sha, tafkuna da lambuna su riƙe wani, a tace shi ta hanyar ciyayi da yashi, a yi amfani da shi, sai abin da ya rage a sake shi a hankali ya tafi kogi. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba yi kusan ko'ina a duniya, wato a shafe gari da kwalta da siminti sannan a haƙa gwata da manyan bututu dan a kori ruwan da gaggawa.

Ba Sinawa ne suka fara tunanin ba. Tun shekarun 1990 ana irin wannan aiki a jihar Maryland ta Amurka da kuma Ostireliya, Ingila ma tana da nata, Singafo ta ƙaddamar da shirinta a 2006, Kopenhagen ta Denmark kuma ta fito da nata a 2012 bayan ruwan da ya shanye ta ranar 2 ga Yuli 2011. Abin da ya bambanta na Sin shi ne girma, dan ba a taɓa samun ƙasar da ta ɗora wa birane da dama wannan aiki a lokaci guda da kuɗin gwamnatin tsakiya kamar haka ba.

Dalilin da ya kawo shi

A 1978 mutanen Sin da ke zaune a birane ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, a 2011 sun haura rabi, a ƙidayar 2020 kuwa sun kai kusan kashi 64. Duk wannan jama'a sai da aka yi musu gidaje da tituna da masana'antu, kuma yawancin filin da aka ci gonakin shinkafa ne da fadamu da tafkuna, wato ainihin wuraren da ruwa ke kwanciya da. Birnin Wuhan da ake wa kirari da mai tafkuna ɗari ya rasa fiye da rabin tafkunansa na cikin gari, an cike an yi gini a kai. Ga shi kuma yawancin ƙasar ruwanta na damina ne, yana zuwa da ƙarfi cikin 'yan watanni sannan a shiga rani, to gari ɗaya sai ka ga yana fama da ambaliya a watan Yuli yana kuma fama da ƙarancin ruwa bayan wata shida, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta yin nisa saboda ana zuƙa da famfo amma an toshe masa hanyar komawa.

Abin da ya girgiza hukuma shi ne ruwan da aka yi a Beijing ranar 21 ga Yuli 2012, wanda ya ci rayuka 79, har da wanda ya mutu cikin motarsa a ƙarƙashin gada a tsakiyar babban birnin ƙasa. A watan Disamba 2013 shugaba Xi Jinping ya yi magana a taron gwamnati kan raya birane, ya ce a gina birane masu tara ruwa da shanye shi da tace shi ta hanyar da Allah ya halicci ƙasa a kai, daga nan maganar ta zama ta hukuma.

Yu Kongjian

Mutumin da aka fi dangantawa da wannan tunani shi ne Yu Kongjian, masanin tsara filaye da lambuna, an haife shi a 1963 a ƙauyen Dongyu da ke yankin Jinhua a lardin Zhejiang. Ɗan manoma ne, ya tashi a bakin rafi inda ake da ƙananan madatsu da tafkunan ƙauye da ke rage wa ruwa gudu, kuma ya sha ba da labarin yadda yana yaro ya faɗa rafin lokacin da ya cika, rassan bishiyoyin da ke bakin ruwan ya kama ya tsira, yana cewa da an riga an yi wa rafin bangon kankare da babu abin kamawa. Ya yi digirin digirgir a jami'ar Harvard a 1995, ya dawo gida ya koyar a jami'ar Peking, ya kafa kamfanin Turenscape a 1998. Ya shafe shekaru yana rubuta wa magadan gari da manyan jami'ai wasiƙu yana yi musu lacca, da yawa daga injiniyoyin ruwa na ƙasar ba su ɗauke shi da muhimmanci ba a lokacin, gani suke mai shuka furanni ne yake son koya musu aikinsu. Maganarsa dai ɗaya ce, cewa tsarin bututu da aka kwaso daga Turai an yi shi ne dan ƙasashen da ruwansu ke sauka kaɗan-kaɗan duk shekara, ba zai ɗauki ruwan damina ba komai faɗinsa, dole a bar wa ruwa fili.

Yadda yake aiki

Takardun gwamnati sun taƙaita aikin a matakai shida: a bar ruwa ya nutse, a jinkirta shi, a adana, a tace, a yi amfani da shi, sannan a zubar da saura. A aikace ana farawa ne daga inda ɗigon ya faɗi. Rufin bene ana zuba masa ƙasa a shuka ciyawa ya riƙe wani kaso. Wurin ajiye motoci da hanyar masu ƙafa ana shimfiɗa musu bulo ko kwalta mai ƙofofi wanda ruwa ke ratsawa ya sauka cikin tsakuwa da ke ƙasa. Gefen titi maimakon gwatar siminti sai a yi kwari mara zurfi mai ciyawa, a yanka bakin titin ruwa ya gangara ciki yana tafiya a hankali yana nutsewa. Akwai kuma lambun ruwan sama, wato rami ne mai faɗi da aka cika da yashi da taki da tsirrai masu jure jiƙa da bushewa, ruwa ya taru a ciki ya tsotse cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan lokacin da gangan aka tsara shi dan kar sauro ya samu damar ƙyanƙyashewa.

Tacewar ma ba ƙaramin abu ba ce, dan ruwan farko da ya wanke titi yana ɗauke da baƙin mai da ƙurar taya da ƙarafa da shara, in ya bi bututu kai tsaye kogi zai kai su, in ya ratsa ƙasa da saiwoyi kuwa yawanci nan suke maƙalewa.

Amma waɗannan duk ƙanana ne. Babban sashen, wanda Yu ya fi nacewa a kai, shi ne tafkuna da fadamu da bakin kogi da ake bari ruwa ya hau in ya ga dama. Wanda ya san aikin da kududdufai ke yi a tsohon birnin Kano, da abin da ke faruwa da unguwa in an cike nata an yi shaguna, ya riga ya fahimci rabin maganar.

Wuraren da aka yi

Lambun Qunli a birnin Harbin, can arewa maso gabas, yana cikin na farko da suka yi suna. Fadama ce mai hekta 34 da sabuwar unguwa ta kewaye ta ta ko'ina, tituna suka yanke mata hanyar ruwa tana ta mutuwa. Abin da aka yi mai sauƙi ne kuma mai arha, ba a taɓa tsakiyar fadamar ba sam, sai aka bi gefenta ana haƙa ƙananan tafkuna, ƙasar da aka haƙo a tara ta nan kusa ta zama tudu a dasa bishiyoyi, ba a shigo da ƙasa daga waje ba ba a kuma fitar ba. Ruwan unguwar ana kawo shi cikin waɗannan tafkuna na gefe ya kwanta datti ya zauna, sannan ya tsiyaya cikin fadamar a tace. Aka yi wa mutane gadojin katako a sama suna yawo ba tare da sun tattake wurin ba. An kammala wajen 2011, kafin ma gwamnati ta karɓi sunan birnin soso.

Yanweizhou a Jinhua, garin su Yu, ya fi nuna abin da ake nufi da barin ruwa ya hau. Fili ne mai hekta 26 a inda koguna biyu, Yiwu da Wuyi, suka haɗu. Hukumar gari tana shirin ƙara tsawon katangar kankare ne ta kare wurin daga ambaliya, sai masu zanen suka shawo kanta aka fasa, aka mai da gaɓar kogin hawa-hawa kamar gonar kan dutse, aka shuka ciyayin gida waɗanda ambaliya ba ta kashe su, laka da ruwan ya bari ma taki ce a gare su. In kogi ya cika lambun ya nutse, mutane su bi ta wata doguwar gada mai launin ja da rawaya da aka ɗaga sama da iyakar ruwan, in ya janye a wanke hanyoyi a ci gaba da shiga. An buɗe shi a 2014. Gaskiya wannan shi ne misalin da ya fi cancanta a yi nazari, saboda ruwan da ya bazu a nan ruwa ne da bai je ya matse a wata unguwa ta ƙasa ba, kuma katanga ba ta rage ruwa ko kaɗan, tura shi gaba take yi wurin wanda ba shi da ita.

A Shanghai akwai Houtan, tsohon filin masana'anta a bakin kogin Huangpu da aka gyara dan baje kolin duniya na 2010, doguwar fadama ce ta kilomita 1.7 da ke tace gurɓataccen ruwan kogi kimanin mita kubik 2,400 a rana ba tare da sinadari ba.

Shirin gwamnati

Ma'aikatar gidaje da raya birane ta fitar da littafin ƙa'idojin aikin a Oktoba 2014. A 2015 aka zaɓi birane 16 na gwaji, ciki har da Wuhan da Chongqing da Xiamen da Jinan da Nanning, a 2016 aka ƙara 14, su Beijing da Shanghai da Tianjin da Shenzhen, jimla 30 kenan. Kowanne gwamnatin tsakiya ta riƙa ba shi yuwan (kuɗin Sin) miliyan 400 zuwa 600 a shekara har shekara uku, gwargwadon matsayin birnin, sauran kuɗin kuma birni ya nemo da kansa ko ya jawo 'yan kasuwa. Majalisar gudanarwar ƙasa ta sa buri a Oktoba 2015 cewa a riƙe kashi 70 cikin ɗari na ruwan sama a inda ya sauka, kuma kashi 20 na ginannen filin birane ya kai wannan matsayi kafin 2020, kashi 80 kafin 2030.

A lura, kashi 70 ɗin nan lissafin ruwan shekara ne gaba ɗaya, wanda yawancinsa ruwa ne matsakaici da ake yi a kai a kai. Ba a ce za a riƙe kashi 70 na ruwan da ake yi sau ɗaya a shekara ɗari ba, kuma rashin fahimtar wannan ya jawo rikici sosai daga baya.

Zhengzhou da iyakar tsarin

Ranar 20 ga Yuli 2021 aka yi ruwa a Zhengzhou, babban birnin lardin Henan, milimita 201.9 cikin awa ɗaya tak, cikin kwana uku kuma aka samu kusan abin da garin ke samu a shekara. Ruwa ya shiga layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa mutum 14 suka rasu a ciki, binciken gwamnati ya ce mutum 380 ne suka mutu ko suka ɓace a yankin birnin. Zhengzhou ba ya cikin birane 30 ɗin amma yana da nasa shirin soson da aka kashe wa kuɗi masu yawa, dan haka mutane suka yi ta tambaya ina amfaninsa.

Tambayar tana kan hanya, amsar kuma kashi biyu ce. Na farko babu lambu ko bulo mai ƙofofi da zai sha irin wannan ruwa, ƙasa in ta ƙoshi ta ƙoshi, kuma bututu ma ba zai ɗauka ba. Irin wannan rana abin da ke ceton rai shi ne gargaɗi da wuri da rufe tashoshi da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da kwashe mutane, kuma binciken ya ɗora wa shugabannin birnin laifin sakaci da ɓoye adadin mamata, an hukunta wasunsu. Na biyu, kuma shi Yu kansa ya sha faɗa, abin da ake kira soso a wurare da yawa gutsure-gutsure ne, 'yan unguwanni sababbi a gefen gari da aka ƙawata, alhali fadamun da ke sama da gari da hanyoyin ruwa na asali an riga an gine su. Ruwa kuwa daga duk faɗin kwarin yake tahowa, ba ruwansa da iyakar unguwar gwaji.

Akwai wasu matsalolin da ba a cika magana a kansu ba. Bulo mai ƙofofi yana toshewa da ƙura da laka cikin 'yan shekaru in ba a wanke shi da inji, lambun ruwa yana cika da shara, kuma kasafin gini daban na kulawa daban, na biyun shi ake mantawa. Inda ƙasa yumɓu ce ko ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, nutsewar ba ta tafiya yadda aka zana, a yankunan ƙasa mai laushi mai launin rawaya ta arewa maso yammacin Sin ma ruwa in ya nutse kusa da gini yana iya sa tushe ya zauna. Tsofaffin unguwanni masu cunkoso su suka fi buƙata kuma su ne ba su da fili. 'Yan kasuwa ma ba su shigo yadda aka zata ba, tunda lambun da ya hana ambaliya ba ya kawo kuɗin shiga da za a raba. Shi ya sa daga 2021 gwamnati ta koma zaɓen biranen da za a yi wa aikin a gari gaba ɗaya, ana haɗa shi da gyaran magudanai da tashoshin famfo da manyan wuraren tara ruwa.

Wajen ƙasar Sin

Kamfanin Turenscape ya yi aiki a lambun Benjakitti da ke tsakiyar Bankok a Tailan, a filin tsohuwar masana'antar taba, inda aka yi amfani da dabarar nan ta haƙa da tarawa aka samar da tafkuna masu ɗaruruwan ƙananan tsibirai, an buɗe shi a 2022. A 2023 aka ba Yu Kongjian kyautar Oberlander ta masu tsara filaye. Ya rasu ranar 23 ga Satumba 2025 yana da shekara 62, a haɗarin ƙaramin jirgin sama a yankin fadamar Pantanal ta ƙasar Brazil, tare da matuƙin jirgin da wasu masu shirya fim biyu da ke ɗaukar shiri kan aikinsa.