Tafiya makaranta a ƙasa: yadda ƙananan hukumomin Ingila ke yanke hukunci

A Ingila ba kowane ɗalibi ake kai wa makaranta kyauta ba. Dokar Ilimi ta 1996 ta ƙayyade nisan da yaro zai iya takawa: mil 2 ga wanda bai kai shekara 8 ba, mil 3 ga mai shekara 8 zuwa 16. Idan makarantar da ta fi kusa da gida, wadda kuma ta dace da yaron, ta wuce wannan nisa, dole ƙaramar hukuma ta samar masa abin hawa, iyaye ba su biya ko sisi ba. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi suna da ƙarin sassauci.

Rigima takan taso ne idan nisan bai kai ba amma hanyar ba ta da kyau. Nan ma doka ta ce a ɗauki yaron kyauta, muddin hanyar na da haɗarin da ba za a sa ran ya bi ta ba. To wa ke cewa hanya na da haɗari? Ƙaramar hukumar da za ta biya kuɗin motar. Jami'anta ne ke zuwa su duba faɗin titi, yawan motoci da gudunsu, ko akwai gefen masu tafiya a ƙasa, wurin tsallakawa, kogi ko kwalbati, da yadda hanyar take a lokacin sanyi da duhu ke shiga da wuri. Ba lallai sai titin mota ake aunawa ba. 'Yar hanya ta cikin gonaki ma tana shiga lissafi.

Abin da ke ba iyaye da yawa mamaki shi ne, ba a tambayar ko yaro zai iya bin hanyar shi kaɗai. Ana ɗauka ne cewa akwai babba tare da shi idan da buƙata. Wannan ya samo asali ne daga wata shari'a ta gundumar Essex da Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a 1986, lokacin tana kotun ƙoli. Yarinya ce 'yar shekara 12, gajeriyar hanyarta ta gaza mil 3 da kaɗan, kuma ta ratsa wani keɓaɓɓen wuri marar fitila. Alƙalai suka ce tunda za ta iya bi lafiya idan an raka ta, hanyar ta halatta. A ganina a nan dokar ta ɗora wa iyaye nauyi fiye da kima, don uwar da ke fita aiki da asuba, ko mai yara a makarantu biyu, yawanci ba a karɓar wannan a matsayin uzuri. Naƙasar uwa ko uba kuwa ana la'akari da ita.

Shi ya sa gyara kaɗan, kamar sabon wurin tsallakawa, kan sa hukuma ta sake duba hanya, ta ce yanzu lafiya lau, ta janye motar.

Wanda bai yarda ba zai iya ɗaukaka ƙara. Da farko babban jami'i ne zai sake nazari, kuma galibi kwanakin aiki 20 ake bayarwa a rubuto. Daga nan sai kwamiti mai zaman kansa, sannan ofishin da ke sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi. A nemi kwafin rahoton binciken hanyar, a duba ranar da sa'ar da aka je, a kuma haɗa hotunan wurin na lokacin da yara ke wucewa.