Mene Ne "Kod Ɗin Bayan Fage" A Harkar Gem?

Duk wanda ke zama a gidajen gem na Kano, ko yake leƙa kasuwar Farm Centre neman kayan wasa, ya taɓa jin ana cewa "akwai kod mai sauƙi". Kod jerin haruffa ne da lambobi, kamar na katin waya da muke kankarewa. Ka shigar da shi a asusunka na Steam ko Xbox, wato dandalin da ake saye da buga wasanni, wasan ya buɗe, ba faifai ba kwali. Na bayan fage shi ne wanda ya iso hannunka ta wurin dillalin da kamfanin wasan bai ba shi izinin sayarwa ba. Ba dole ya zama jabu ba, sau da yawa yana aiki sarai. Rigimar tana kan inda ya fito.

Kamfanoni ba sa yanka farashi ɗaya ga duniya. Wasan da Ba'amurke ke saye dala 60, akan karya shi sosai a ƙasashen da aljihun jama'a bai kai ba. Sai dillalai suka gano lagon abin: su kwashi kod a inda yake da araha, su kai shafuka irin su G2A da Kinguin, su sayar wa mutanen ƙasashe masu hali ƙasa da farashin kamfani. Tamkar takin gwamnati ne da aka yi wa manomi rangwame, ka tsince shi a kasuwa hannun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato kod ɗin da aka saya da katin banki na sata. Mai kati ya kai ƙara, banki ya janye kuɗin, kamfanin wasan ya tashi ba kuɗi ba kaya.

A farkon 2015 Ubisoft, mai yin wasanni, ta kashe kod ɗin wasu da suka sayi wasanta Far Cry 4 daga irin waɗannan dillalai, sai da surutu ya yi yawa ta mayar wa waɗanda suka riga suka fara bugawa. A 2016 kamfanin tinyBuild ya zargi G2A da cewa an sayar da wasanninsa na kusan dala 450,000 a shafinta, shi bai ga ko sisi ba. A 2020 kuma G2A da bakinta ta amsa cewa kod 198 na wasan Factorio da aka sayar a wurinta na sata ne, ta biya masu wasan dala 39,600.

Su ma dillalan suna da tasu hujjar: wanda ya sayi abu da kuɗinsa, ai yana da ikon sayar da shi inda ya ga dama. A 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Valve, mai Steam, da wasu kamfanoni biyar yuro miliyan 7.8 saboda sun hana kod ɗin wata ƙasar Turai aiki a wata.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ake takewa idan giwaye suna faɗa. A Nuwamban 2023 Valve ta daina sayar da wasa da kuɗin Ajantina da Turkiyya, ta koma dala, tana cewa darajar kuɗaɗen ba ta tsayawa wuri ɗaya. Amma tun kafin nan masu yin wasanni suna kukan baƙi da ke shigar burtu suna saye da sunan 'yan can. Wasanni da yawa suka yi tsada, talakan can ya kwana ciki. Mu nan, tun da aka saki naira a Yunin 2023, sayen wasa da dala ya zama sai mai hali, dole yara su bi mai araha.

Ƙanina yana da gidan gem a Kurna, kwamfuta uku da janareto. Ya tara cinikin mako biyu ya sayi kod wurin wani a WhatsApp, rabin kuɗi. Kwana goma yara suna layi, rannan da yamma ya kunna ya tarar an cire wasan daga asusunsa. Ya kira lambar, a kashe. Ya zo ya same ni a ƙofar gida riƙe da waya, ya ce, "Yaya, to yanzu wa zan kai ƙara?" Kamfanin wasan bai san da zamansa ba, dillalin kuma ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Washegari ya mayar wa yaran tsohon wasan ƙwallon da suka gaji da shi, ya rage musu kuɗin awa don kada su koma gidan gem na layin baya.