Seydou Keïta, mai hoton Bamako

Seydou Keïta mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Mali, an haife shi a Bamako wajajen 1921, ya rasu a Paris a watan Nuwamba 2001. Yau dai duk wanda ya san harkar hoto a duniya ya san sunansa, amma fa sai da ya kai kusan shekara 70 kafin mutanen waje su farga da aikinsa, kuma yadda aka gano shi ɗin ma labari ne.

Asalinsa kafinta ne, wajen babansa ya koya. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal ya kawo masa ƙaramar kyamara Kodak Brownie, shi ke nan hoto ya shiga ransa. A 1948 ya buɗe shagonsa a tsakar gidansu a unguwar Bamako-Coura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, saboda haka har matafiya suna biyowa a ɗauke su.

Yadda yake aiki ne abin burgewa. Galibi da hasken rana yake ɗauka, kuma sau ɗaya tak yake danna wa kowane kwastoma saboda fim na da tsada, in an ɗauka an ɗauka ke nan. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane ma zanin gadonsa ne, daga baya ya riƙa canzawa da yadi mai zane-zane, sai ka ga mace ta kishingiɗa da atamfarta mai fure, bayanta wani zanen, ƙarƙashinta wani, ido ya rasa inda zai tsaya amma abin ya yi kyau. Ya kuma tanadi kayan aro, kwat da lakataye, agogo, biro, tabarau, rediyo, babur Vespa har da mota. Saurayi ya zo ba ko sisi a aljihu, a hoto kuma ya fito kamar babban akawu ya dafa rediyo. Wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ranar sallah ya san wannan yanayin.

Bayan Mali ta samu ƴanci a 1960, gwamnati ta ɗauke shi aiki a 1962 ya zama mai hotonta, ba a daɗe ba shagon ya rufe, ya yi ritaya a 1977. Nagatif ɗinsa dubbai kuwa, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ya adana su tsaf a gida.

To a 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a New York mai suna Africa Explores, aka rataya wasu hotunansa amma ba suna, an dai rubuta cewa na wani mai hoto ne da ba a sani ba a Bamako. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gani ya rikice, ya tura André Magnin, wani masanin fasaha da ke masa aiki, Bamako da kwafin hotunan a hannu ya je cigiya. Malick Sidibé, shi ma shahararren mai hoto ne a garin, kallo ɗaya ya yi musu ya ce ai aikin Keïta ne. Wato mutumin da aka ce ba a san shi ba, duk Bamako an san ƙofar gidansa.

Daga nan abu ya buɗe. A 1994 cibiyar fasaha ta Fondation Cartier a Paris ta yi masa baje koli shi kaɗai, a 1997 gidan sayar da kayan fasaha na Gagosian a New York ya biyo baya. Hotunan da da yake wankewa ƴan ƙanana kamar kati, na sawa a firam ko aikawa dangi, aka koma wanke su manya-manya ana sayarwa dubban daloli. Kuɗi kuwa da suka shigo rigima ta biyo, gab da rasuwarsa ya raba gari da Magnin ya koma wajen wani dillali, aka yi ta shari'a kan wa ke da iko da nagatif ɗin har bayan ba ransa. A 2016 babban zauren baje koli na Grand Palais a Paris ya nuna hotunansa kusan 300.